Likita, canjin abinci zai iya rage wa ɗana rawar kai?

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Allah ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni malamar firamare ce, kuma damuwata ɗana ne mai shekara 7. Ko abinci yake ci ba ya zama: loma biyu ya miƙe, ya ɗare taga, ya diro, ya tsokani ƙanwarsa. In an aike shi, kafin ya kai zaure ya manta saƙon. Kansa yana ja, don sura ba ta yi masa wuyar hadda, amma kullum da shatin bulala yake dawowa daga islamiyya. Surukata cewa take ƙiriniya ce kawai, haka babansa ya yi. Ni da nake wuni cikin yara na san ƙiriniya, wannan ya wuce ta.

Likitan yara ya ce alamun sun yi kama da ADHD, wato larurar rawar kai da kasa mayar da hankali, ya tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Maigidana yana jin haka ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, kuma ba za a ɗora masa shi kan ƙwaya ba. Shi ya sa na koma bincike kan abinci, sai dai abin da na karanta ya ƙara raba mini hankali.

Na ga cewa tun shekarun 1970 wani likita a Amurka, Ben Feingold, ya ce a janye wa irin waɗannan yara kala da ƙamshin da ake zubawa a abinci, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfani mai yawa kamar yadda ya faɗa ba. A 2007 kuma Jami'ar Southampton ta Ingila ta gwada kaloli shida haɗe da sinadarin hana lalacewa a kan yara 'yan shekara 3 da 'yan 8 zuwa 9, aka ga rawar kansu ta ɗan ƙaru. Daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da su, irin su kalolin da ake kira E102 da E110. To mu nan fa? Lemon da ake ƙullawa a leda a bakin makaranta, ja jawur ko ruwan ɗorawa, da alawar da ke rina masa harshe har magariba, babu rubutun komai a jikinsu.

Batun sukari ne ya fi tsaya mini a rai. Da idona nake ganin kamar yana ƙara birkicewa in ya sha zaƙi. Amma an haɗa sakamakon bincike da dama a 1995, ba a samu cewa sukari yana canza halin yara ba. Har akwai gwajin da aka ce wa iyaye mata an ba 'ya'yansu sukari alhali ba a ba su ba, suka ce lallai yaran sun ƙara rawar kai. Ko ni ma zargi ne yake nuna mini abin da babu?

Akwai kuma tsarin da aka gwada a Holan, inda ake taƙaita yaro ga shinkafa, nama, ganye da ruwa na 'yan makonni. Ɗana siriri ne, gidanmu kuma gidan yawa ne, a faranti ɗaya yara suke ci. Ina tsoron in jawo masa rama. Man kifin da ake tallatawa a WhatsApp kuwa yana da tsada, na kuma karanta cewa amfaninsa kaɗan ne.

Likita, wanne daga ciki yake da hujjar da ta isa in gwada, kuma tsawon wane lokaci kafin in san ya yi ko bai yi ba? Ya kamata a fara auna jininsa, ko yana da ƙarancin jini? Idan na tsaya kan abinci kaɗai, jinkirin zuwa asibiti ba zai cutar da karatunsa ba? Don Allah ka yi bayanin yadda babansa zai gamsu, domin shi ma yana karanta wannan fili.

Na gode.

Wata uwa daga Zariya