Noman wiwin masana'antu: a auna tsawon yini kafin a sayi iri

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wani zance da ya fara shiga bakin matasan manomanmu, musamman tun da Ghana ta buɗe ƙofar noman wiwi na masana'antu, wato wanda ake shukawa don zare da mai, ba don shaye-shaye ba. Dillalan iri a intanet suna tallata wani nau'i da ke yin fure da kansa, suna cewa wata uku kacal mutum ya girbe ya kama kuɗi. Akwai gaskiya a maganar, amma abin da ba su faɗa ba ya fi yawa, kuma shi ne zai cinye jarin mutum.

Da farko a san inda doka ta tsaya. A Najeriya shuka wiwi kowane iri laifi ne babba. Dokar tabar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ba su raba mai bugarwa da marar bugarwa ba, don haka tukunya ɗaya a bayan ɗaki ta isa ta kai mutum gidan yari. A Nijar ma haramun ne. Ghana kuwa ba cewa ta yi kowa ya shuka ba. Dokarta ta 2020 ta bai wa ministan cikin gida ikon ba da lasisi ga nau'in da sinadarin bugarwarsa, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun ƙoli ta soke wannan sashe a 2022 saboda majalisa ba ta yi muhawara a kansa yadda tsarin mulki ya tanada ba, majalisa ta sake zartar da shi a Yulin 2023. Wanda ba shi da lasisi a Kumasi ko Tamale, hukuncinsa na nan daram. Wannan wasiƙa tawa ga masu neman lasisi ce, da 'yan majalisar Najeriya da ke ta kawo ƙudurori a kan batun, da malaman gona da za a tambaya gobe.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce tsawon yini, kuma ban taɓa jin mai talla ya ambace ta ba. Kowane manomin Hausa ya san bambancin gero da maiwa. Gero kwanakinsa yake ƙirgawa, idan sun cika ya fitar da kai. Maiwa kuwa ko da ruwan fari aka shuka ta, sai ta jira dare ya fara tsawo wajen ƙarshen damina. Wiwin asali halin maiwa gare shi: muddin yini na da tsawo yana ta yin kara da ganye, da dare ya kai wani tsawo sai ya tsaya ya koma fure. Yawancin irin masana'antu da ke kasuwa an tace su ne a Faransa, Italiya, Poland da Kanada, inda yinin bazararsu kan kai awa 15 zuwa 16, kuma ba sa fara fure sai yini ya sauko wajen awa 14. To a Kano yini mafi tsawo a shekara, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba. Tamale ta fi haka gajarta, Accra kuwa wajen awa 12 da rabi ne iyakarta. Ma'ana, daga ranar da irin Faransa ya tsiro a ƙasarmu, ji yake kaka ta yi. Cikin mako uku zuwa huɗu sai ya yi fure yana iya gwiwa, alhali a garinsu yakan kai mita uku ko fiye. Wanda ya shuka don zare ya tashi a tutar babu, domin zaren a tsawon kara yake. An ga haka a gwajin da Jami'ar Florida ta fara a 2019, kuma Florida ta fi mu tsawon yini nesa ba kusa ba.

A nan ne masu talla ke shigo da nau'in mai fure da kansa. Asalinsa wani ɗan gajeren wiwin daji ne na Rasha da tsakiyar Asiya, wanda masanin tsirrai Janischewsky ya bayyana a 1924. A can lokacin ɗumi gajere ne, tsiron da ya tsaya jiran dogon dare sanyi zai kashe shi, shi ya sa ya koma ƙirga kwana. Yakan fara fure tsakanin kwana 21 zuwa 30 bayan tsirowa, ya nuna cikin kwana 70 zuwa 90, ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta. Gaskiya ne tsawon yini bai dame shi ba. Sai dai a lura, ciwon da muke da shi shi ne saurin fure, wannan kuwa saurin fure ne halinsa na gado. Bai warkar da komai ba ga mai neman zare. Inda yake da amfani shi ne noman 'ya'ya don mai, kamar nau'in Finola na ƙasar Finland, da kuma tsara lokacin girbi, tunda manomi ya san ranar da zai shiga gona da lauje.

Kuma yana da laulayi. Tunda agogonsa ba ya tsayawa, duk wahalar da ya sha a makonni ukun farko ba ya ramawa. Idan ruwa ya kwanta masa, ko fari ya kama shi, ko taki ya ƙone saiwarsa, zai yi fure a kan lokaci yana ɗan tsugul, amfanin ya tafi ke nan. Ba ya son dashe, domin doguwar saiwarsa ta tsakiya idan ta lanƙwashe ko ta katse sai ya tsaya cak na kwanaki, kwanakin kuwa ba su dawowa. A inda zai zauna ake shuka shi. Ba a yanko reshensa a dasa don a yawaita shi, saboda reshen shekarunsa ɗaya da uwar, tare za su yi fure. Sannan halin nan mai rauni ne wajen gado: idan ƙurar furen wiwin asali ta sauka a kansa, 'ya'yan da za a ajiye ba za su fito da halin ba a shuka ta gaba. Ƙurar nan iska ke ɗaukar ta, tana tafiyar kilomitoci. Don haka al'adarmu ta ɗebe iri daga rumbu ba za ta yi aiki ba, kowace shekara sai an sayi sabo da kuɗin waje.

Nau'o'in da suka fi jure gajeren yini su ne na kudancin Sin, irin na lardin Yunnan. Suna yin tsawo sosai a ƙasashe masu zafi, amma da yawansu kan haura kashi 0.3. Wannan ya kawo mu ga tarko na biyu.

Wannan adadi na 0.3 ba daga sama ya sauko ba. Masana biyu, Ernest Small da Arthur Cronquist, suka sa shi a 1976 don rarrabe nau'o'i a ilimin tsirrai, daga baya Kanada ta ɗauke shi a 1998, Amurka a 2018, Tarayyar Turai ta koma kansa a 2023. Suwizalan kuwa kashi 1 ta yanke. Ana yawan cewa zafi da fari ne ke sa THC ya hau, amma binciken Jami'ar Cornell ya nuna jinin irin ne kan gaba, sai kuma jinkirin girbi, domin sinadarin ƙaruwa yake yi muddin fure na nuna. Ga masu son noman CBD, sinadarin da ake sawa a magani, lissafin ya fi tsauri: a irin waɗannan nau'o'i, duk kashi 20 zuwa 30 na CBD yana tafe da kashi 1 na THC, don haka kafin CBD ya kai kashi 8 ko 9 an riga an taka layin doka. A Amurka ana ɗaukar samfur cikin kwana 30 kafin girbi, gonar da ta haura kuwa ba ta shiga kasuwa, yawanci lalata ta ake yi. Da ido ba a gane wannan, ko jami'in da ya shekara talatin a aiki ba zai bambanta gonar zare da ta shaye-shaye da kallo ba. Sai ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar tantance sinadarai. Duk ƙasar da ta ba da lasisi ba ta tanadi wannan kusa da manoma ba, ta haɗa manomin kirki da jami'in tsaro faɗa ne kawai.

Ko an dace da iri, aikin gonar ba na wasa ba ne. Ƙasa yake so mai laushi, mai zurfi, wadda ruwa ke wucewa, ba mai tsami ba, ma'aunin tsaminta tsakanin 6 da 7.5. Fadama mai laka ba tasa ba ce, kwana biyu ko uku cikin ruwa sun isa su ruɓar da saiwa. Jigawa tsantsa kuma ba ta riƙe masa danshi, ga shi yana shan ruwa milimita 500 zuwa 700 a kaka guda, kuma yana buƙatar danshi sosai a makonni shidan farko. Ana binne iri santimita 1 zuwa 3 kawai. Idan aka zurfafa, ko mamakon ruwa ya daddale fuskar ƙasa ta yi ɓawo, tsiron ba ya iya fasowa. Don zare ana zuba kilo 40 zuwa 60 a hekta, layi kusa da layi kamar santimita 15, don cunkoso ya tilasta wa kara miƙewa siriri ba rassa. Don 'ya'ya kilo 25 zuwa 30 ya isa. Irin mai mai ne, zafi na kashe shi da wuri a ajiya, saboda haka kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako guda a duba. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan iri ko a mayar wa mai shi.

Masu cewa ba ya son taki ba su noma shi ba. Cinsa kusan na masara ne, nitirojin kilo 80 zuwa 120 a hekta, wato wajen buhu huɗu zuwa biyar na yuriya idan ita kaɗai ce, ban da sauran sinadarai. Haka zancen cewa yana kashe ciyawa da kansa. Yana yi, amma sai ya yi tsawo ya rufe ƙasa da inuwa. Wanda ya yi fure yana iya gwiwa ciyawa ce za ta binne shi, ga layukan sun matsu ba wurin shigar fartanya, magungunan feshin da aka amince da su a kansa kuma ƙalilan ne ko a Turai. A damina mai zafi da danshi ruɓar jijiya na kwantar da ƙananan tsiro, tsutsar da ke cin ƙwallon auduga na shiga kan fure, tsuntsaye kuma suna son 'ya'yan fiye da yadda ake zato.

Girbi ma da nasa sharaɗi. Na zare ana yanke shi da zarar fure ya fara, a shimfiɗa a gona mako uku zuwa biyar ana juyawa, raɓa da ƙwayoyin halitta su saki ɓawon daga itacen. Idan ya gaza, ɓawon ba ya saɓuwa; idan ya zarce, zaren ya yi baƙi ya ruɓe, kuma da ruwan Agusta zarcewar ta fi sauƙi. Ba a ɗaure shi sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15. Zaren kirki wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin kara, saura itacen ciki ne da ake sawa a shimfiɗar dabbobi ko bulo. Na 'ya'ya kuma ba ya nuna lokaci guda, ana girbe shi idan kamar kashi 70 sun nuna, a fara shanya a ranar, har danshi ya koma kashi 8 ko 9, in ba haka ba ya yi zafi a buhu, fumfuna ta kama shi, man ya yi ɗaci. Man da ke ciki wajen kashi 30 ne.

Sai tambayar da ya kamata a fara da ita: wa zai saya? Karan nan ƙato ne marar nauyi, kuɗin mota na cinye ribarsa idan injin ɓarewa ya yi nisa. Faransa ta zama kan gaba a Turai ne domin manomanta na noma da yarjejeniya da masana'antun da ke kusa da su. Amurkawa da suka ruga a 2019 ba tare da mai saye ba, farashi ya faɗi warwas, amfani ya yi kwantai a rumbuna.

Ina fahimtar tsoron iyaye da malamai, kuma tsoro ne mai tushe. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, kuma Janar Buba Marwa, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a 2021, ya sha bayyana adawarsa da halattawa. Ƙasar da ke fama da wannan ba ta da hurumin yin doka da ka. Abin da nake roƙo shi ne a sa gwaji a gaba. A Ghana, cibiyar binciken noma ta Nyankpala kusa da Tamale ta isa ta yi shi. A Najeriya, in har majalisa ta ga dama, izinin bincike kaɗai za ta fara bai wa cibiya irin ta binciken noma da ke Samaru a Zariya, cikin shinge da sa idon NDLEA. A tara nau'i goma zuwa goma sha biyar, na Turai, na Sin, da masu fure da kansu. A riƙa shuka kowanne duk bayan mako biyu daga farkon damina zuwa Agusta, a rubuta ranar fure, tsawon kara da nauyinsa, a auna THC kowane mako daga fara fure, a maimaita damina uku. Sakamakon a buga shi da Hausa, kowa ya gani kafin a karɓi kuɗin lasisin kowa.

Kafin nan, mai son noman zare yana da rama, wadda doka ba ta hana ba, ƙasarmu ta san ta, matanmu sun iya jiƙa ta da saɓe ta. Ana yin igiya, buhu da takarda da ita, kuma cibiyar bincike ta Ibadan ta fitar da nau'o'inta da aka tace, irin su Ifeken 400. Buhunan da muke zuba koko da kashu a ciki don fitarwa waje har yau daga Bangladesh da Indiya ake shigo da mafi yawansu. Ina roƙon jaridarka ta aika wakili Samaru da Ibadan ya tambayo mana inda manomi zai samu irin rama mai kyau, nawa ne kilo, da kuma ko akwai injin ɓarewa da ke aiki a Arewa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Tamale, Ghana.