Farin Soson Da Ko 'Yan Jari Bola Ba Sa Ɗauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan farin soson nan da ake tokare firji da talabijin da shi a cikin kwali, da kuma robar tekawe da aka yi da irin wannan soso, wadda ake zuba shinkafar biki. Kayan lantarki nake sayarwa a Sabon Garin Kano, don haka da shi nake wuni.

Kowace shara a garin nan tana da mai so. Ƙarfe, gwangwani, gorar ruwa, har tsohon silifa, 'yan jari bola na tsincewa su kai a auna. Shi kuwa ba mai waiwayarsa, domin kusan dukkansa iska ce. Ka cika buhu ka ɗora a sikeli, ba zai ba ka kuɗin shayi ba. Daga ɗanyen mai ake samo sinadarinsa, ba ya ruɓewa, sai dai ya marmashe iska ta kai shi kwata. Duk wanda ya taɓa yashe kwalbati ranar tsaftar ƙarshen wata ya san abin da shebur ke fara fitarwa. Akuya ma in ta ji ƙanshin miya a jikinsa sai ta haɗa da shi ta cinye.

Don Allah a daina ƙona shi. Baƙin hayakin nan mai yaji a maƙogwaro guba ne, amma har akwai masu hura gawayi da shi, a kuma ɗora tukunya a kai.

Mai kaurin yana da amfani in an adana. Ni ina tara nawa, in sake naɗe wa mai sayen da zai kai talabijin ƙauye a bayan a-kori-kura. Ragowar kuwa, masu ƙanƙara da zoɓo ke karɓa, su jera shi a cikin kwali, kayansu su wuni da sanyi. Wasu na shimfiɗa shi a kan silin don rage zafin kwano. Yana yi, amma a nisanta shi da wayar wuta, don saurin kamawa gare shi. Masu narkar da shi a fetur su liƙe rufin da ke yoyo kuwa, ba na ba su goyon baya.

Robar tekawe ce ba ta da mafita. Da ta sha manja shi ke nan. Jihar Legas ta haramta ta a watan Janairun 2024, saboda toshe magudanan ruwa. Mu da muka ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, me muke jira?

Ina kira ga hukumar kwashe shara ta jihar Kano, REMASAB, ta ware wurin tara soson a manyan kasuwanni. Akwai injin da ke matse shi ya koma dunƙule mai nauyi, a yi firem ɗin hoto da shi. Masu biki kuma su koma kai abinci a samira da kula, masu gidan abinci su ɗan rage wa wanda ya zo da kwanonsa kuɗi.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Sabon Gari, Kano.