Wasiƙa daga Agege kan layin karɓar magani

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka game da gyaran da muka soma a sashen bayar da magani na asibitinmu.

Hanyar da muka bi ita ce wadda kamfanin IDEO da makarantar zane ta Jami'ar Stanford a Amurka suka yayata, wato ka fara zama da mai amfani da abu ka ga wahalarsa da idonka, sannan ka gwada gyara mai araha, in bai yi ba ka sake. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne labarin Deborah Adler, wata mai zane 'yar Amurka, wadda kakarta ta sha maganin nata mijin bisa kuskure, ita kuwa ta zana sabuwar kwalba mai manyan haruffa da zobe mai launi daban ga kowane mutumin gida, har kantunan Target na Amurka suka fara amfani da ita a 2005.

Da farko mun ɗauka tsawon layi ne kaɗai matsalarmu. Ranar da na cire farar riga na bi wata dattijuwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, sai na ga ta zo taga an sa mata farashi, ta tafi wurin biya, ta dawo ta sake kama layi daga baya, kuma duk bayanin da aka yi mata da Turanci da Yarbanci "to" kawai take cewa, don kunya ta hana ta nuna ba ta gane ba. Wallahi na ji nauyi, domin shekaru ina miƙa wa irinta magani.

Yanzu wanda ya biya ba ya komawa ƙarshen layi. A jikin ambulan ɗin magani muna buga hatimin rana da na wata, kuma ba ma sallamar mutum sai ya maimaita da bakinsa yadda zai sha. Hoton kwano da muka sa don nuna "bayan cin abinci" bai karɓu ba, wasu sun zaci a cikin abinci za su zuba, sai muka cire shi.

Dattawanmu da yawa a nan ajami suke karantawa, ba boko ba. Tunda hannunka ya fi nawa kyau, don Allah ka rubuto mini "safe", "rana", "dare" da "bayan abinci" da ajami, in kai wa mai sassaƙa hatimi. Ka gaishe mini da su Baba.

Naka amini