Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firaministan Mauritius, Dokta Navin Ramgoolam

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, dole in fara da jinjina. Lokacin da mahaifinka, Sir Seewoosagur, ya karɓi 'yancin kai a 1968, sukarin rake ne kusan duk abin da tsibirinku ke sayarwa waje. A 1970 kuka buɗe yankin masana'antu mai rangwamen haraji, 'yan kasuwar Hong Kong suka zo da masaƙu, otal-otal suka biyo baya. Da tsarin da ke ƙayyade wa kowace ƙasa yawan tufafin da za ta sayar wa Turai da Amurka ya ƙare a 2005, Tarayyar Turai kuma ta zaftare kashi 36 cikin ɗari na farashin sukari, ba ku zauna kuka ba. Gwamnatinka ta daidaita haraji a kashi 15, ta sauƙaƙa buɗe kamfani. Mu da man fetur ya sa mana lalaci mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai akwai reshe ɗaya na wannan arziki da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato hada-hadar kuɗin ƙetare. Kamfani zai haƙi ma'adini ko ya sayar da katin waya a wata ƙasar Afirka, amma rajistarsa tana wani bene a Ebène, cibiyar ofisoshi a Mauritius, ba ma'aikaci ko ɗaya, sai akwatin wasiƙa da lauya. Albarkacin yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ke tsakanin wannan ƙasar da Mauritius, riba ta sulale ta can, ƙasar da aka yi gumin a cikinta ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na san za a ce doka ta halatta. To, Senegal ta lissafa asarar dala miliyan 257 cikin shekara 17, ta yaga tata yarjejeniyar. Zambiya ta bi sahu a 2020. Ita kuwa Indiya, da yake tana da ƙarfin murɗa hannu, tun 2016 kuka amince aka gyara tata.

Abin da kuka yi wa Indiya shi nake roƙo ku yi wa ƙananan 'yan'uwanku ba sai sun yi barazana ba. Ku sake zama kan yarjejeniyoyin da suka rage, a bar wa kowace ƙasa harajin ribar da aka samu a cikinta. Duk kamfanin da ke son adireshin Mauritius kuma, ya kawo ofis da ma'aikata na gaske, a kuma bayyana wa hukumomin harajinmu ainihin masu shi.

Wassalam,
Wani mai biyan haraji daga Afirka ta Yamma