Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Ɗakin Gwajin Jini na Sashen Masu Sikila

Assalamu alaikum.

Shekara 9 ke nan ina yawon asibitoci da 'yata mai fama da sikila, kuma abin da na saba ji bai wuce "a riƙa ba ta ruwa" ba, yawanci cikin tsawa. A wani wuri da ba zan ambata ba, da na tambayi dalilin ciwon ƙashin da ke hana ta barci, sai aka ce in ni ne likitan in zo in karɓi kujera. Shi ya sa na shigo wurinku a ɗarare.

An ɗibi jini, sakamako ya fito a kan lokaci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ma'aikaciyarku da ta ce, "Baba, matso ka gani," ta nuna mini jinin a madubin ƙara girma. Na ga wasu ƙwayoyin a zagaye da loɓawa a tsakiya, wasu kuma a lanƙwashe kamar lauje. Daga nan ta ɗauki ledar ruwa da aka sha rabinta, ta zura ta tsakanin yatsunta biyu, ledar ta miƙe ta sulale ta wuce. Ta ce haka lafiyayyar jar ƙwayar jini take: jaka ce mai taushi wadda ba a cika ta maƙil ba, faɗinta kusan mikiromita 8 (mikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma tana ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙunci saboda tana lanƙwashewa kamar laima. Inda jini ke gudu da ƙarfi kuma, fatarta kan riƙa kewaya abin da ke cikinta kamar bel ɗin injin niƙa. A jinin mai sikila, da zarar iskar oksijin ta ragu sai sinadarin cikin ƙwayar ya sandare, ta kasa lanƙwasa, ta toshe hanya, ciwo ya taso. Ƙishirwa tana ƙara kaurin sinadarin, kuma irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 take yi maimakon 120.

Bayanin nan bai ci minti 10 ba. Ina mamakin yadda a wurare da dama ake ganin talaka bai cancanci a fahimtar da shi ciwon da ke cikin gidansa ba, alhali shi ne zai kwana yana jinya. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ke da abokan aikinki. Yarinyar yanzu da kanta take cika gorarta kafin ta tafi makaranta.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya