Sanarwa ga masu jegon da suga ya hau musu lokacin ciki

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, barkanmu da warhaka, ya yara ya ƙarfin jiki.

Dan Allah duk wadda aka ce mata suganta ya hau a awon ciki ta karanta wannan har ƙarshe. Da yawanmu muna haihuwa suga ya sauka sai mu ce shikenan an rabu, to gaskiya ba a rabu ba, wajen rabin irin waɗannan matan ciwon suga na dindindin yana iya kama su nan gaba. Amma motsa jiki da gyaran abinci suna rage haɗarin sosai, saboda idan tsoka tana aiki ita ke jan sugan daga cikin jini ta ƙone shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi motsa jiki na minti 150 a sati, wato minti 30 sau 5, tafiya mai ɗan sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Ba sai kin je jim (gidan motsa jiki) ba Hajiya, ki goya jaririnki ki yi ta zagayen tsakar gida, ko ki rarraba minti 10-10, in gidan da bene ki hau ki sauko. Shara da wanki suna taimakawa amma kar mu fake da su, mun san halinmu.

Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta jira likita ya ba ta izini tukunna. Kuma a koma asibiti gwajin suga tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Shayarwa ma tana taimakawa, kunun kanwa kuma a rage masa suga dan Allah.

Mai son mu haɗu mu taka bayan la'asar ta yi magana a nan.