Masu binciken al'adu su riƙa bar mana kwafin abin da suka ɗauka a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili in yi magana kan masu binciken al'adu da ke zuwa mana nan Damagaram.

Ba yau aka fara rubuta mu ba. Baturen Ingila Richardson ya zauna a Zinder a 1851 ya rubuta abin da ya gani a fada da kasuwa, Bajamushe Barth ya biyo sawunsa a ƙarshen 1852. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu na Nijar daga 1911 zuwa 1926, kumandojinsu da tafintoci suka cika takardu da asalin sarakuna da sarautu. Ɗan garin nan, marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke amsa sunansa, ya fitar da littafinsa kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Allah ya saka masa. Sai dai duk wannan tulin rubutu yana cikin harsunan Turawa, kuma mutanen da aka ji labarin daga bakinsu ba su karanta su.

Har gobe haka ake yi. Ɗalibi ko malaminsa zai zo da na'urar ɗaukar murya, a kai shi zauren wani dattijo a Birni ko Zango, a ba da goro, tsoho ya saki baki tun hantsi har azahar. Sai a yi godiya a tafi. Abin da ya faɗa ya zama kundin digiri da Faransanci, a ajiye shi a Yamai ko a ƙetare. Ranar da tsohon ya kwanta dama, jikansa ba shi da inda zai je ya saurari muryarsa, balle ya ce an yi kuskure a wuri kaza.

Kuma yawancin masu zuwan fada suke nufa. Ban ce kada a je ba. Ganuwar Sarki Tanimun da kisan hafsan Faransa Kazamaju a 1898 a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga tarihinmu ne. Amma shi wannan an rubuta shi, ba zai ɓata ba. Wanda ke salwanta shi ne ilimin masu sana'a. Kowa ya san hawan ƙaho na mahauta lokacin salla, ana ɗaukar hotonsa da waya ana watsawa, amma wa ya zauna da makaɗan kalangu ya rubuta taken kowane gida da kirarin da ake yi wa mai hawa? Maginan da suka yi zanen gidajen Birni sun san irin ƙasar da ake kwaɓawa da yadda ake haɗa makuba ta ɗorawa don kada ruwa ya ci bango, ga shi siminti ya raba 'ya'yansu da sana'ar. Majema na jima da bagaruwa, dukawa na da sunan kowane ɗinki. Waƙoƙin daka da na niƙa kuwa, injin niƙa ya kusa gamawa da su, kuma mai bincike namiji ba zai shiga cikin gida ya jiyo su ba, sai an samu ɗalibai mata. Wasan kara ma, inda samari ke kwaikwayon manya a gabansu, ya cancanci a tambayi waɗanda suka yi shi a da yadda dokokinsa suke.

Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan irin wannan gado, wadda ta ce a sa masu al'adar cikin aikin adana ta. A 2014 aka shigar da taubasantakarmu cikin jerin gadon duniya. Babarbare da Bafulatani da ke zolayar juna kullum a kasuwar Dole, nawa ne cikinsu suka taɓa jin wannan labari?

Roƙona ga hukumomi shi ne a sa wa duk mai neman izinin bincike sharaɗin barin kwafin muryoyin da ya ɗauka a ɗakin karatun jami'ar Zinder, ya kuma ba iyalin wanda ya yi hira da shi nasu. Yau katin waya ɗaya ya isa. Ya rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, ko shafi biyu ne. Abin da dattijo ya ce asirin gidansu ne, a bar masa abinsa.

Kai kuma ranka ya daɗe, ka ware mana ko rabin sa'a a mako a gidan rediyonku, a saka irin waɗannan hirarraki da yardar masu su, a buɗe layi masu sauraro daga Mirya da Kance da Magarya su kira su yi gyara.

Naka mai sauraro,
Wani tsohon malamin makaranta, unguwar Birni, Zinder